Yadda za ka sa furosesar wayarka ta tsare maka sirri

'Yan uwa mazauna Jidda da Makka, yanzu fa komai namu yana cikin jawwal, wato waya, manhajojin hukuma Absher da Nafath da hoton iƙama da banki har hotunan iyali, to in waya ta faɗi a cunkoson Harami ko aka zare ta daga aljihu me zai hana a buɗe ta?

Mai hanawar yana can cikin wayar. Akwai wani ɗan sashe da aka keɓe a furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ko a gefenta, shi ke riƙe da mabuɗin da aka kulle bayananka da shi, shi ke tantance basmar yatsanka, ita manhajar wayar ma ba ta ganin abin da ke ciki, tambaya kawai take yi ya ce eh ko a'a. Apple sun fara nasu, Secure Enclave, tun iPhone 5s a 2013, Google suka sa Titan M a Pixel 3 a 2018, Samsung kuma Knox Vault daga Galaxy S21 a 2021. In za ka sayi waya a shagunan titin Falasɗin na Jidda ka duba ko tana da wannan sashen kafin ka tsaya kallon kyamara.

Amma fa mabuɗin nan da lambar sirrinka ake haɗa shi, nan ne mutanenmu ke yin sake, wallahi abin na damuna. Ka sa lamba 6 ko fiye, ban da 123456, ban da shekarar haihuwa. Sashen nan yana ƙirga kuskure, yana ƙara tsawon jira duk sanda aka yi ta gwadawa, shi ya sa ɓarawo ba ya iya jera dubban lambobi, amma in lambar mai sauƙin canka ce to an gama. Kar ka bar mai shago ya saita maka, kar ka ba mai gyara, canjin sikirin ba ya buƙatar shiga hotunanka.

In wayar da ka saya ta hannu ce ka goge ta gaba ɗaya da kanka, wadda aka yi wa rutin kuwa, wato aka ɓalle tsaron manhajarta, ka bar musu kayansu. Ofdet, wato sabunta manhaja, in ya zo ka yi, ko furosesa ana samun ɓaraka a cikinta kamar Spectre da Meltdown da aka bayyana a 2018, kuma ta ofdet aka rage haɗarinsu.

Kafin ka shiga ɗawafi lokacin cunkoso ka kashe wayar ka kunna, kar ka sa lambar sai ka fito, don kafin a sa ta karon farko yawancin bayanan a kulle suke, ko basma ba ta buɗewa.