Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa yara amfani da kayan kimiyya

A makarantun firamare da dama a Kaduna, kayan kimiyya suna kulle a kabad ɗin ofishin hedimasta, ba a fito da su sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Malami kuwa yana aji yana zana ma'aunin zafi a allo, yara suna kwafa. Wannan shi ne babban kuskure, domin yaro zai haddace sunan abu tsaf, amma ka miƙa masa ya rasa ta ina zai kama. Hujjar da ake kawowa ita ce yara sun yi yawa, kaya kuma ba su isa ba. To, a raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida, wannan ya riƙe, wannan ya karanta, wancan ya rubuta, sannan a juya. A sa ido, in ba haka ba manyan maza biyu za su kankane komai, 'yan mata su koma 'yan kallo.

Ba sai an jira kaya daga gwamnati ba. Tsohuwar lasifika daga kasuwar Panteka ko wurin mai gyaran rediyo tana da maganaɗisu mai ƙarfi. Tef ɗin tela ya isa awon tsawo. Ledar fiya wata mai santilita 50, a juye biyu a gora a yi alama, an samu ma'aunin lita 1.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne malami ya riga yara faɗin amsa. Zai ce maganaɗisu yana jan ƙarfe, a rubuta, shi ke nan. Alhali ba kowane ƙarfe yake ja ba. A zube musu ƙusa, gwangwanin tumatir, gwangwanin lemo, wayar tagulla, makulli da murfin biro, a ce kowa ya yi hasashe tukuna. Gwangwanin tumatir zai manne, na lemo ya ƙi, saboda alminiyum ne, wayar tagulla ma ta ƙi. Nan za ka ji aji ya kaure da gardama, wani har ya ce maganaɗisun ne ya lalace. Malam, kada ka kashe gardamar, ka ce ya sake gwadawa a kan ƙusa.

Wajen awo kuma, yara sukan fara daga 1 ko daga bakin rula maimakon 0, sai kowane fensir ya fito da tsawon da ba nasa ba. Ruwa a kofin awo, a ajiye shi kan tebur, yaro ya durƙusa idonsa ya yi daidai da saman ruwan.

Ma'aunin zafi yana da nasa matsalolin. Yaro zai damƙe gindinsa da yatsu, sai ya auna zafin hannunsa, ko ya ciro shi daga ruwa kafin ya karanta. Kuma na asibiti iyakarsa wajen digiri 42, ba a tsoma shi a ruwan zafi. A nemi na aji mai jan ruwa a ciki, a guji mai zaiba, domin in ya fashe guba ne. Aiki mai sauƙi: a auna ruwan randa da na bokitin da ya wuni a rana, ko a riƙa rubuta zafin aji kowace safiya daga hunturun Janairu zuwa zafin Afrilu, yara su ga lambobi suna hawa.

Madubin ƙara girma kuwa, a bari su kalli tururuwa, ƙwayar gero da zanen yatsunsu, amma a gargaɗe su tun farko kada kowa ya kalli rana da shi. Ƙananan maganaɗisu da za su iya shiga baki, a raba 'yan nazare da su gaba ɗaya, a kuma ƙirga kaya kafin a tashi.