Kafin ka biya kuɗin digirin lantarki a Arewacin Cyprus

Duk farkon zangon karatu mukan je filin jirgin sama na Ercan mu tarbi ƙannenmu da suka biyo ta Istanbul daga Kano, Kaduna, Katsina ko Sakkwato, kuma da yawa daga cikinsu karatun injiniyancin lantarki ne ya kawo su ɗaya daga cikin jami'o'i masu zaman kansu da ke Lefkosa ko Girne. Kusan kowane ɗayansu yana riƙe da takarda mai cewa an ba shi tallafin rabin kuɗin makaranta, yana kuma ɗaukar cewa da zarar shekara huɗu ta cika zai koma gida ya fara mayar wa mahaifinsa abin da ya kashe. Da irin wannan takardar na zo, kuma na gaji da ganin yara suna faɗawa ramin da na faɗa ido biyu, shi ya sa na ga ya wajaba in yi magana a kan kuɗi ba tare da kara ba.

Samun gurbi ba wahala ba ne, haka ma layin waya da sanin hanyar mota. Abinci halal ne, masallatai suna nan, kuma sanyin hunturu bargo da rigar sanyi sun ishe shi. A mako biyu za ka saba da duk wannan.

Abin da ba a sabawa da shi shi ne lissafi. Ragin da ake kira tallafi ana yi wa kusan kowane ɗalibin waje, saboda haka abin da ya rage bayan ragin shi ne ainihin farashin, kuma dillalin da ya nemo maka gurbin yana da la'adarsa a kanka, don haka shawararsa ba ta wanda ba shi da ruwa da tsaki ba ce. Sannan a nan da kuɗi iri uku ake rayuwa: kuɗin makaranta da yuro ko dala, hayar gida galibi da fam ɗin Ingila, cefane da wuta da mota kuma da lirar Turkiyya, alhali mahaifinka naira yake samu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta kai wajen naira 1,500. A ce kuɗin makarantarka dala 3,000 ne a shekara: abin da a da naira miliyan 1.4 za ta biya, a farashin farkon 2024 sai miliyan 4.5, wato miliyan 18 a shekara huɗu, ban da haya da abinci da tikitin jirgi. Ko da ka koma gida ka dace da aikin naira 300,000 a wata, sai ka yi shekara biyar ba ka taɓa ko kwabo daga albashin ba kafin ka mayar da kuɗin makaranta kaɗai. Na san abin da ke koro iyaye daga jami'o'in gwamnati, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya cinye wata takwas, kuma digirin da ake yi shekara biyar a Zariya ko a Bayero a nan shekara huɗu ne. Wannan riba ce ta gaske, amma a zauna a auna ta da waɗannan miliyoyin kafin a sayar da gona.

Inda na sha wuya shi ne wajen takardu, kuma kuɗi ne silar abin. Ɗalibi ba ya zama a nan sai da takardar izinin zama, wadda muke kira ikamet, kuma kafin a ba ka ita sai ka yi gwajin jini da hoton ƙirji, ka kuma nuna cewa ka yi rajistar zangon karatu. Makaranta kuwa ba ta barin ka yi rajista da bashi a kanka. A shekarata ta uku kuɗin gida ya makara, mai gidan da nake haya ya ce sai na biya na wata shida a dunƙule ko in kwashe kayana, ni kuma na ɗauki abin da ya shigo hannuna na ba shi, da tunanin cewa makaranta za ta yi mini haƙuri. Ba ta yi ba. Aka rufe mini shafina na ɗalibi, ban yi rajista ba, ikamet ɗina ya ƙare, tara ta fara hawa kullum ba tare da wani ya buga mini waya ya gaya mini ba. Ranar da na je ofishin shige da fice, ma'aikaciyar ta juyo da allon kwamfuta ta nuna mini adadin da yatsa, na tsaya ina kallonsa har na bayana ya taɓa kafaɗata. Zango guda ya salwanta, hayar da na biya ta tafi a kan zaman da ba karatu a cikinsa, kuma sai da mahaifiyata ta sayar da sarƙarta kafin aka warware. Saboda haka, ƙanena, idan kuɗi ya yi ƙaranci, makaranta da ikamet ne na farko, haya ta biyo baya, domin a cikinmu ba za ka rasa inda za ka shimfiɗa katifa na wata guda ba.

Takardun ba su ƙare a nan ba. Ƙasar Turkiyya ce kaɗai ta amince da Arewacin Cyprus a matsayin ƙasa tun da aka ayyana ta a 1983, kuma ikamet ɗinka ba zai tsallaka da kai kudancin tsibirin ba, wanda shi ne ya shiga Tarayyar Turai a 2004. Duk wanda ya ce maka daga nan sai Jamus, ruɗinka yake yi. Darajar digirinka tana rataye ne da wanda ya tantance shi, don haka kafin ka biya ko sisi, ka bincika ko hukumar YÖDAK ta nan da hukumar YÖK ta Turkiyya, masu kula da jami'o'i, sun amince da sashen lantarkin kansa, ba sunan jami'ar kawai ba, sannan ka duba ko yana da tantancewar MÜDEK ta Turkiyya ko ABET ta Amurka, masu auna ingancin karatun injiniya, domin da su ake gane digirin injiniya a ƙasashe da yawa. Ka duba a shafukan waɗannan hukumomin da idonka, kada ka dogara da hoton da dillali ya turo maka a WhatsApp.

Idan ka koma Najeriya kuma, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardunka kafin ka shiga hidimar ƙasa, kuma za a nemi fasfo ɗin da ke ɗauke da tambarin shigarka da fitarka, da sakamakonka na sakandare. Ka adana tsohon fasfo ɗinka kamar yadda kake adana shaidar digirin. Bayan haka akwai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wadda sai ka yi shekaru kana aiki kafin ka cancanci a kira ka injiniya a hukumance.

Ban ce digirin ba shi da amfani ba. Wuta ita ce babbar matsalar Arewa, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da kasuwar wutarsu, kuma aikin sola ya buɗe ƙofa ga duk wanda ya iya lissafin lodi, ya san girman inbata da batirin da gida ko asibiti ke buƙata, ya kuma iya karanta zanen waya. Amma wannan ƙwarewar a ɗakin gwaje-gwaje ake samun ta, da kuma lokacin aikin koyo na hutun bazara da ake kira staj. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ganin yaron da aka sayar da kadara saboda shi yana neman wanda zai buga masa tambari a takardar staj ba tare da ya taɓa riƙe mita ba. Ka nemi ganin ɗakin gwaje-gwajen sashenka tun makon farko, ka tambayi 'yan aji huɗu ko injinan suna aiki, idan amsar ba ta gamsar da kai ba, sauya makaranta a shekarar farko ya fi sauƙi da arha fiye da a ta uku.

Ina alfahari da jama'armu a nan, domin na ga an yi karo-karo an biya wa ɗalibi tara cikin kwana uku, na ga manya suna koya wa ƙanana lissafin da'irar lantarki kyauta a daren jarrabawa, kuma ba a taɓa barin wani ya yi buɗa-baki shi kaɗai a watan azumi ba. Sai dai ba za mu iya taimakon wanda ya ɓoye mana halinsa ba har sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ranar da ka sauka, ka kawo takardar gurbinka da takardar hayar da aka ba ka ga ɗaya daga cikin yayyenka da suka yi shekara uku a sashen lantarki, ku karanta su tare layi-layi kafin ka sa hannu, sannan ka rubuta ranar da ikamet ɗinka zai ƙare ka manna a ƙofar ɗakinka.