Yadda na gyara zizar tsohuwar jitar bes ɗina

Bes ɗin nan Fender Precision ce ƙirar 1978, ta daɗe a hannuna, amma da damina ta zauna sai tsirkiyoyin suka fara ziza in na danna firet (ƙananan ƙarafan da ke jere a kan wuyan jitar) na farko zuwa na biyar, musamman mai kaurin nan ta E. Ba laifin amfilifaya ba ne, laima ce ta shiga katakon wuyan ya ɗan lanƙwashe baya.

Na danne tsirkiya a kan firet na farko da na ƙarshe, na leƙa wajen na 8, babu rata ko kaɗan tsakanin tsirkiyar da firet ɗin, alhali ana son kamar milimita 0.3.

To wahalar tsofaffin Precision, notin ƙarfen da ke cikin wuyan, wanda da shi ake daidaita lanƙwasar wuyan, a gindi yake inda ya haɗu da jiki, sai da na sassauta tsirkiyoyi na kwance sukurori 4 na baya na ɗaga wuyan kaɗan. Na sa sukundireba mai faɗin baki na juya notin hagu don ya sassauta, kwatan zagaye ɗaya kawai, kar ka wuce haka don Allah. Na ɗaure na saita murya na bar ta ta kwana. Washegari ziza ta tafi. In hunturu ya shigo ƙila sai na mayar da kwatan nan dama.