Yadda ake maganin mai ingiza jama'a su far wa baƙi, salon Indonesiya

A ce kai ne da gwamnati, ga wani ya hau mumbari yana cewa turawan da ke zuwa yawon buɗe ido jininsu ya halatta, ta ina za ka fara? Indonesiya ta ɗanɗana wannan, ranar 12 ga Oktoba 2002 bama-bamai suka tashi a unguwar Kuta da ke tsibirin Bali, mutum 202 suka mutu, 88 daga ciki 'yan Ostireliya, kuma 'yan ƙungiyar Jemaah Islamiyah ne suka yi aika-aikar.

Da farko ka tanadi doka tun kafin abin ya faru. Gwamnatin Megawati, shugabar Indonesiya a lokacin, sai bayan harin ta yi maza ta fitar da dokar ta'addanci, to a 2004 kotun tsarin mulki ta ce ba a hukunta mutum da dokar da aka yi bayan ya aikata laifin. Ka ga an ba lauyoyi ƙofa a banza.

Sai babban aikin, hujja. Shi mai tunzurawa ai ba ya ɗaukar bam da hannunsa, baki kawai yake sawa yara su tafi su mutu, shi ya sa kama shi ba wuya amma riƙe shi ne jidali. Dubi Abubakar Ba'asyir, wanda ake ɗauka shi ne uban ƙungiyar, a 2005 an yanke masa shekara biyu da rabi kan haɗa baki a harin Bali, ya fito a 2006, ƙarshen shekarar ma kotun ƙoli ta soke hukuncin gaba ɗaya, mutumin ya koma wa'azinsa mabiya suna ta kabbara. Sai a 2011 aka samu ta kansa, shekara 15, kuma ba don huɗuba ba, don kuɗin da ya tara wa wani sansanin horar da mayaƙa a lardin Aceh na Indonesiya. To kai ma ka naɗi wa'azin ka ajiye, amma ka sa jami'anka su bi sawun kuɗi, wa ya bayar, wa ya karɓa, me aka saya, nan ne alƙali ke samun abin kamawa.

Ka ware 'yan sanda na musamman kamar rundunar Densus 88 da Indonesiya ta kafa a 2003, amma fa ka sa musu linzami. Sun tarwatsa ƙungiyar sosai, sai dai an sha zarginsu da kashe waɗanda ake tuhuma, kamar wani Siyono da ya mutu a hannunsu a 2016, kuma duk irin wannan gawar mai wa'azin ne ke cin ribarta.

Waɗanda suka tuba kar ka yar da su. Ali Imron yana cikin maharan Bali, ɗaurin rai da rai yake yi, 'yan uwansa biyu Amrozi da Mukhlas an harbe su a 2008 bisa hukuncin kisa kan harin, amma shi yanzu yana yi wa matasa bayanin yadda aka yaudare su, kuma wallahi yaron da ba zai saurari minista ba zai saurari wannan. Haka malamai, ka bar su su yi magana da bakinsu ba da takardar gwamnati ba, hadisin yana nan a Buhari cewa wanda ya kashe mai alkawarin amana ba zai ji ƙamshin aljanna ba, baƙon da ya shigo da biza kuwa amana aka ba shi.

Makarantu da masallatai kuma a bi a hankali. Tunisiya bayan an kashe mutum 38 a bakin tekun Sousse a 2015 ta ce za ta rufe masallatai kusan 80, ita kuwa Indonesiya ba ta rufe makarantar Ba'asyir da ke Ngruki ba, ido ta sa mata. Abin ya ɗau lokaci, sai a watan Yunin 2024 manyan Jemaah Islamiyah suka fito da kansu suka ce sun rushe ƙungiyar.