Yadda za ku auna ko lambun unguwarku yana shan ruwan sama da tara tsuntsaye

Duk damina ana dashen bishiyoyi a Kaduna, a ɗauki hoto, a sanar da yawan abin da aka dasa. Yawan dashe dai ba zai gaya maka ko ruwan da ke kwanciya a bakin layi ya ragu ba. Sai an auna, kuma awon bai fi ƙarfin ƙungiyar matasan unguwa ko malamin makaranta da ɗalibansa ba. Gwangwani, rula, sanda, littafi da waya sun isa.

Kafin komai a raba ambaliya gida biyu. Akwai ta kogin Kaduna, irin ta 2003 da 2012, wadda ke cin gidajen bakin ruwa a wurare irin su Kigo Road da Unguwar Rimi. Ruwanta daga nesa yake tahowa, tun daga tsaunukan Jos, kuma babu lambun unguwar da zai tare shi. Ta biyu ita ce ta ruwan da ya sauka a kan kwanon rufi da simintin tsakar gida ya rasa inda zai shiga. Ita za mu auna.

Fara da zaɓen wuri biyu masu kusan girma ɗaya da gangare ɗaya: lambun ko filin ciyawar da ake son gwadawa, da wani fili kusa da shi da aka shafe da siminti ko ƙafa ta daddaɓe shi. In babu na biyun, duk abin da ka rubuta labari ne kawai, don ba ka da abin kwatanci.

Sai ma'aunin ruwan sama. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, ka ɗora shi a kan turke nesa da indararo da rassan bishiya. Kowace safiya a lokaci guda ka tsoma rula, ka rubuta zurfin ruwan da milimita, ka zubar. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwan milimita 30, ya zubo da lita 3,000, wato jarkar mai ruwa 120 mai cin lita 25. Kaduna kuwa tana samun wajen milimita 1,200 a shekara, mafi nauyinsa a Agusta da Satumba. Auna rufi da dandamalin da ke zuba wa lambun ruwa, ka san nauyin da aka ɗora masa.

Awon shan ruwan ƙasa shi ne inda ya kamata a nutsu. Yanke gindin babban gwangwanin tumatir, ka buga shi cikin ƙasa kamar santimita 5, ka cika da ruwa, ka bari ya tsotse. Kada ka rubuta wannan na farko, busasshiyar ƙasa tana ruɗin mutum. Sake cikawa, sannan duk minti 10 ka duba nawa ya sauka, har awa guda. Yi haka a gindin bishiya, a cikin ciyawa, da kan hanyar da mutane ke bi. Bambancin zai ba ka mamaki. Akwai kuma matsalar ƙasarmu: sama tana iya zama mai laushi, a ƙarƙashi kuwa marmara ce. Don haka haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 50 ka maimaita gwajin a cikinsa. In ruwa bai sauka ko santimita 1 a awa ba, wurin yana bukatar a sassauta ƙasarsa a zuba taki da ruɓaɓɓen ganye, ko a sauya masa wuri. A yi gwajin a watan Mayu, a sake a Agusta lokacin da ƙasa ta ƙoshi, domin na Agusta shi ne na gaskiya.

Don sanin iyakar inda ruwa ya kai, kafa sanda a mafi kwarin kowane fili, ka yi mata zane da fenti duk santimita 5. Ruwan Kaduna yakan sauka cikin dare, saboda haka shafe sandar da alli. Da safe inda allin ya wanke nan ruwa ya tsaya. Rubuta tsayin, da awannin da wurin ya ɗauka kafin ya tsane. Kada ya wuce kwana 2. Sauro na bukatar kusan mako guda daga ƙwai zuwa tashi, lambun da ke riƙe ruwa har haka ya zama gidan zazzaɓi. In kwatar layin ta toshe da ledar fiya wata a ranar, rubuta, kada a ɗora wa lambu laifin shara. Yara kuma ban da shiga kwata lokacin da ruwa ke gudu.

Ɓangaren halittu ya fi daɗi. Mutum ɗaya ya tsaya wuri ɗaya da hantsi bai yi ba, minti 10, sau ɗaya a mako, ya rubuta tsuntsayen da ya gani ko ya ji kukansu, sannan ya yi haka a ɗaya filin. Iri ake ƙirgawa kafin yawa: tattabaru 50 iri ɗaya ne, kurciya da balbela da cilakowa kuwa uku ne. Wanda ba a gane ba a ɗauki hotonsa ko muryarsa, manhajar Merlin ko iNaturalist za ta taimaka, kodayake dattijon da ya yi farauta a ƙuruciyarsa yakan riga waya ba da amsa. Daga nan a jefa firam na katako mai mita 1 kowane gefe a cikin ciyawa, a ƙirga ire-iren tsirrai, da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da suka sauka cikin minti 10. A tona ƙasa cikin shebur ɗaya a duba tana, don ramukanta ne ke buɗe wa ruwa hanya.

Bishiyoyi a ƙirga su a watan Afrilu, bayan rani da awaki sun gama nasu, a rubuta irin kowace. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, bishiyar turare daga Ostareliya. Suna ba da inuwa, amma ni na fi son in ga ɓaure da ceɗiya da gamji da ɗorawa a lissafin, don 'ya'yansu da furanninsu ne ke kiran tsuntsaye da jemagu.

A ƙarshen Oktoba a jera ranakun da ruwansu ya yi kusan daidai, a kwatanta filayen biyu rana da rana. Damina ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba, a yi biyu aƙalla. Littafin da hotunan sandar a kai kwafinsu ga hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, wato KEPA, ko Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, a nemi wani masani ya duba lissafin kafin a shiga damina ta gaba.