Yadda ake tsara mako guda na kallon fina-finan da ba kowa ke jure musu ba

Waɗanda suka ware mako guda domin irin waɗannan fina-finai na iya gajiya tun kafin makon ya ƙare, idan suka tara fim bakwai suka jera ba tare da sun bambance iri uku da ke cikinsu ba. Akwai fim ɗin da bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito, amma daga baya ya samu masoya da suka riƙe shi gam, kamar The Rocky Horror Picture Show na 1975, wanda gidajen sinima a Amurka suka yi shekaru suna nunawa da tsakar dare. Akwai na zubar da jini. Sannan akwai wanda ya lalace har lalacewar tasa ta zama abin kallo.

Ka fara da zaɓen wannan iri na uku, domin a nan masu farawa suka fi yin tuntuɓe. Ƙa'idar ita ce, dole ne ya kasance wanda ya shirya fim ɗin da gaske yake yi, ya zuba ƙarfinsa da kuɗinsa yana ganin zai fitar da abin a zo a gani, amma aikin ya kuɓuce masa. Fim ɗin da aka lalata da gangan domin a ba mutane dariya, irin Sharknado na 2013, a ganina ba ya cikin lissafi, domin kafin a yi nisa barkwancinsa ya ƙare, sai mai kallo ya koma duba waya. Ka kwatanta shi da The Room na 2003, wanda Tommy Wiseau ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumi, da niyyar ba da labarin cin amana mai taɓa zuciya. A cikinsa wata uwa ta sanar da 'yarta cewa tana da ciwon dajin nono, daga nan ba a sake ambatar maganar ba har fim ya ƙare, kuma hotunan cokula da aka ƙawata ɗakin da su ne suka sa masu kallo ke jefa cokulan roba a sinima. Haka ma Plan 9 from Outer Space na darakta Ed Wood: ɗan wasa Bela Lugosi ya mutu a 1956 kafin a kammala fim ɗin, sai daraktan ya haɗa guntayen hotunansa da na wani mutum da ya fi shi tsayi, wanda ke rufe fuska da mayafi don a zaci Lugosi ne. Irin wannan ƙoƙari na bil-haƙƙi shi ne yake riƙe mai kallo har ƙarshe. Kada ka kalli guntayen da ake yankowa a YouTube kafin ranar, kuma kada ka kalli irin wannan fim kai kaɗai, domin rabin daɗinsa yana cikin juyowar da za ka yi ka tambayi na kusa da kai ko shi ma ya ga abin da ka gani.

Bayan haka sai jeri. Kada a sa na zubar da jini dare biyu a jere, saboda ido yakan saba, na biyun ya wuce ba tare da ya girgiza kowa ba. Ko su ma ba ɗaya ba ne: The Texas Chain Saw Massacre na 1974 jinin da ake nunawa a ciki kaɗan ne, ƙarar zarto da ihu ne suke tayar da hankali, alhali Braindead na Peter Jackson, na 1992, jini ya yi masa yawa har ya koma abin dariya. Ka faɗa wa kowa abin da zai gani tun kafin a kunna, kuma a tabbata babu yara a wurin.

Idan kuɗi ne damuwa, Night of the Living Dead na 1968 ana samunsa kyauta ta halal a intanet, domin an fitar da shi ba tare da alamar haƙƙin mallaka ba.

Sauran abu mai sauƙi ne. Fim ɗaya a kowane dare, a kunna rubutun maganganu da ke fitowa a ƙasan allo, a ajiye waya, kuma a bar wanda aka fi zumuɗin gani zuwa daren ƙarshe.