Yadda ake gane filin da ƙasarsa za ta ci gida

Aikina gini ne a nan Marwa ta Kamaru, kuma duk wanda ya ce in raka shi duba fili, nakan ce masa ya bari sai Agusta. Da rani kowane fili lafiyayye ne. Kogin Mayo Kaliyawo ma yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki. Sai ruwa ya sauka za ka ga inda yake kwanciya da inda yake cin gaɓa.

Kafin dillali ya gama zuba, nemi dattijon unguwa ka tambaye shi me ke wurin a da. Kududdufi ne aka cike da bola? Tsohuwar rijiya ce, ko masai? Irin wannan cikon yana ruɓewa a hankali, ƙasa ta zauna, wata rana tsakar gida ta burma. Ni da rodi nake zuwa, in caka wuri-wuri bayan an yi ruwa. Inda ya shige ba gardama, ko ya fito da leda da toka, ba na ɗora bulo a kai sai an haƙa an tarar da ƙasar asali.

Baƙar lakar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa muskuwari, wato dawar rani, a cikinta, alheri ce ga manomi, ga magini kuwa wahala. Da rani ta dare, da damina ta kumbura, ta riƙa ɗaga tushen gini tana saukewa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yanka gindin tudu don su sami wurin ɗaki, kamar yadda ake yi wajen duwatsun Mandara da Ngaundare. Ka cire wa tudu abin da ya dogara a kai, ruwa ya jiƙa shi ya ƙara nauyi. A Oktoba 2019 ƙasa ta zaftaro da dare a unguwar Gwashe ta birnin Bafusam da ke yammacin Kamaru, mutum sama da 40 suka rasu.

In ka riga ka gina, sa ido a kan tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, da ƙofar da ta fara cijewa. Shafa ɗan siminti a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ya sake tsagewa, ƙasa na motsi. Juya indararo ya zubar nesa da bango. Idan kuma bishiya ta karkata, ko ruwa mai laka ya fara tsattsafowa daga gindin tudu ana tsaka da ruwa, kwashe iyali a daren nan ku kwana gidan 'yan'uwa, kaya sa jira safe.